Littafin Ɗige-ɗige na Ƙanena

Kawunmu direban lori ne, yana kwasar auduga daga Ƙanƙara da Faskari ya kai Funtuwa, wani lokaci ya zarce har Zariya. Duk dawowarshi sai ya riƙo mana tsaraba. A shekarar da ake ta zancen Turawa sun harba tauraro sama, ya dawo ya miƙo mani ɗankwali mai ruwan ɗorawa, sannan ya juya ya miƙa wa ƙanena littafi. Na durƙusa na yi godiya yadda aka koya mani, har na ɗaura ɗankwalin a gabanshi, amma idona na kan abin da ke hannun yaron.

Yaron nan fa ni na goya shi. Ni na share mashi majina, ni na koya mashi tafiya a tsakar gidanmu. Da aka zo neman yaran da za a sa makarantar elementare, shi aka rubuta a gidanmu, Inna ta wuni tana kuka kamar an yi mata mutuwa. Ni kuwa na zauna bayan rumbu ina nawa kukan, kowa ya ɗauka tausayin ƙanena nake ji. Ba tausayi ba ne, haushi ne don ba ni aka ɗauka ba. Rabona shi ne allo da safe, farantin ƙuli-ƙuli da hantsi.

Bangon littafin shuɗi ne mai duhu, an watsa taurari a kai. A tsakiya ga wani abu dogo kamar taɓarya, wuta na fita ta gindinshi, gefe kuma wani yaro ya kifa tukunyar gilashi a kai yana dariya. Ciki da Turanci aka rubuta, wanda ƙanena ma bai iya ba sai kame-kame, amma littafin ba ya bukatar a iya Turanci. Wasu shafukan hanyoyi ne a murɗe, ka bi da fensir ka kai jirgin nan mai kama da taɓarya ga wata ba tare da ka ci karo da bango ba. Mafi yawansu kuwa ɗige-ɗige ne birjik, kowane ɗigo da lambarshi. Ka ɗora fensir kan ɗaya ka ja zuwa biyu, daga biyu zuwa uku, kana cikin ja sai ka ga abu ya fito daga inda da babu komai: jirgi, ko duniya mai zobe a ƙugu, ko kare a zaune cikin wata 'yar taga.

Wallahi ba na manta ranar da na fara ganin haka. Ina tsaye a bayanshi da faranti a kai, na ga wata ya fito daga ƙarƙashin hannunshi, hannun nan da ko kwanon tuwo ba ya iya riƙewa bai zubar ba.

Ba kullum yake yi ba, ya san darajar kayanshi. Sai Juma'a bayan an sauko masallaci ya shimfiɗa buzun Baba a zaure, 'yan ajinsu su kewaye shi, ya fere fensir da reza a hankali yana hure ƙurar, ya lashi bakin fensirin, sannan ya buɗe sabon shafi. Ni ba a ce in zauna ba, ba a kuma kore ni ba. A tsayen nan na koyi lambobin boko, don yana ja yana faɗin sunansu da ƙarfi saboda yaran su san ya iya. Kafin damina ta faɗi na riga shi ganin ɗigon da ke gaba. Sau da yawa zai tsaya yana lalube, bakina na ƙaiƙayi, in na nuna mashi ya ture hannuna ya ce, "Yaya, za ki shafa mani mai."

Abin da ya fi ci mani rai shi ne na gane shafi sau ɗaya ake yin shi. Da zarar an ja layin, hoton ya fito, shi ke nan ya mutu, sai dai kallo. Kowace Juma'a ɓangaren da aka yi yana ƙara kauri, ɓangaren da ba a taɓa ba yana sirancewa, ni kuwa ina gani kamar ana cinye tuwo a gabana ba a ce mani bismilla ba.

Shafin ƙarshe ya fi duka girma, ya cinye fuska biyu, ɗige-ɗigenshi sun fi na kowanne yawa. Na ƙura mashi ido iya ƙurawa ban gane ko mene ne ba, shi ma bai gane ba. Rannan na same shi shi kaɗai, na kwantar da murya, na ce ya bar mani wannan ɗaya. Ya yi lissafi irin na yara masu wayo, ya ce to, in zan riƙa yanko wa akuyarshi ciyawa. Na yanko. Ya ƙara da wankin rigar makaranta, na wanke. Har ƙuli-ƙulin da ya fashe a faranti, wanda a ƙa'ida nawa ne, ya koma aljihunshi. Duk ban damu ba, ina da shafi.

Littafin a ɗakin Kaka yake kwana, cikin adudunta, don nan ne kaɗai ɓera da yara ba su isa ba. Kaka mahaifiyar Baba ce, matar malami ce tun tana yarinya har Allah ya karɓi ranshi. Allunan da ta wanke a rayuwarta ba su ƙirguwa. Idonta ya yi rauni a lokacin, amma bakinta garau. Ƙanena take kira angonta, ni kuwa ƙawa. Da magariba in mutanen gari sun fito suna ɗaga kai ko za su hango tauraron Turawa yana wucewa, sai ta taɓe baki ta ce, "Ga Kaza da 'ya'yanta can ba su ishe ku ba, sai wanda aka ƙera a maƙera?"

Da ya rage saura shafin nan nawa kaɗai, wani ɗan ajinsu daga 'Yargoje ya sa baki. Ya ce ai shafin ƙarshe shi ne sarkin shafuka, wa ya taɓa ba mace wadda ko aji ba ta taɓa shiga ba. Ƙanena ya dawo gida yana cin magani, ya ce ya sake shawara, ranar Juma'a shi zai yi da kanshi, in ina so in tsaya in kalla.

Na ce, "Ciyawar fa? Wankin fa?"

Ya ce, "Ai akuyar ta gidanmu ce duka."

Da ba don Baba na zaure ba, da ranar na tuna mashi wanda ya goya shi. Na shige ɗakin Kaka na zauna bakin gadonta ina kuka mai shessheƙa. Ta bari sai da na yi mai isata, sannan ta ce, "Ƙawa, wa ya mutu?"

Na zayyana mata komai. Na ce ya rubuce littafin kaf, babu sauran wuri, ɗaya da ya rage ma ya hana ni.

Ta ce, "Rubutu ne dai ko?"

Na ce rubutu ne.

Ta ce, "To mene ne abin kuka? In rubutu ya cika ai wankewa ake yi a sake sabo. Gobe in angona ya tafi makaranta zan wanke maki shi tas, ki yi naki tun daga farko, shi ma in yana so ya sake."

Ban ga wata matsala a maganar ba. Ni ma duk rubutun da na taɓa yi a duniya a allo na yi shi, kuma in na hardace wankewa nake a ɗora mani na gaba. Takarda ban taɓa riƙe ta ta wuce ƙiftawar ido ba. Washegari na ɗauki faranti na fita talla ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Ina zagaya kasuwa ina tsara yadda zan fara da karen nan na taga, in bi da duniya mai zobe, in ajiye babban shafin sai ƙarshe. Wata mata ta ce yau 'yar ƙuli-ƙuli ta samu miji ne take ta murmushi, ban ko kula ta ba.

Da na dawo na tarar da Kaka zaune a ƙofar ɗakinta ta yi tagumi. Ga 'yar ƙwaryar da marigayi yake wanke rubutu a ciki, wadda ba a taɓa cin abinci da ita ba, ruwan ciki ya yi toka-toka, wasu 'yan ɓarɓashi na yawo a kai kamar dusa. Littafin na kan murfin rumbu an danne shi da dutse.

Ta ce, "Ƙawa, allon Turawan nan ba shi da ƙwari. Na yi bismilla na zuba ruwa, shafa ɗaya na yi da tafin hannu sai ya biyo ni. Da na ga haka na tsaya. Na farkon kaɗai na taɓa, sauran suna nan."

Na ji sanyi a raina. Na farko ai wata ne, an daɗe da yin shi. Na ɗage dutsen na buɗe bangon gaba, sai ga wata yana nan lafiya lau da layin fensirin ƙanena. Na buɗe na biyu, na uku, duk suna nan, gefensu ne kawai ya ɗan jiƙe. Sai na tuna yadda Kaka ke riƙe littafi. Littattafan mijinta duka daga dama ake buɗe su, ita a wurinta nan ne farko. Na juya bayan littafin. Babban shafin nan babu shi, sai wani rami mai laushi a tsakiya, da ɗan ƙyallen takarda a sama mai ɗigo kaɗan. Ita da idonta ba ta bambanta rubutun inji da na fensir, ta ga baƙi-baƙi ta wanke.

Ban yi kuka ba, kukan ma ya ƙi zuwa. Na zauna a ƙasa da littafin a cinya har ƙanena ya dawo. Yana ganin shi a jiƙe ya yar da jakarshi ya fasa ihu, ya fizge, ya shiga buɗewa yana duba shafi bayan shafi, majina na zuba. Da ya kai ƙarshe ya tabbatar duk abin da ya zana yana nan, sai ihun ya tsaya cak. Ya ja hanci ya ce, "Alhamdu lillahi, na Yaya ne kaɗai ya lalace."

Na Yaya. Jiya ba nawa ba ne, yau da ya zama dusa ya dawo nawa. Har ya ƙara da cewa dama tsokanata yake, ranar Juma'a zai ba ni. Ya zaro guntun fensirinshi ya miƙo mani, ya ce in haɗa waɗanda suka rage. Na karɓa, don ban san ranar da zan sake riƙe fensir ba. Na bi ɗigon da ke jikin ƙyallen, na ja layi ɗaya gajere, ya ɗan lanƙwasa kamar hannun ludayi, sai takarda ta ƙare. Shi ya ce gefen rana ne, na ce ba shi ba ne, mun yi musun nan har muka tsufa.

Saura ruwan ƙwarya. Kaka ta ce ruwan rubutu ba a watsar da shi inda ƙafa za ta taka. Inna ta leƙo daga madafa ta ce ai rubutun Nasara ne, a zuba a gindin bedi. Kaka ta ce ko na wane ne karatu ne, ba za a yi asararshi ba. Ta sa gefen mayafinta ta tace shi a moɗa, ya fito kamar ruwan tsari. Na miƙe tsaye. Shafina ne a ciki, duk abin da hoton nan yake, yana cikin moɗar nan, kuma wallahi ko ɗaci gare shi kamar maɗaci zan shanye.

Ta ɗaga moɗar ta dube mu da idanunta masu hazo, ta ce, "Zo nan angona, kai ke karatu, kai za ya yi wa amfani."

Ya kafa kai ya shanye yana yamutsa fuska, ya goge baki da bayan hannu, ya ce ba daɗi. Kaka ta miƙo mani moɗar ta ce in ɗauraye.