Man Shanu a Jakar Kyamara

Da na fara ɗaukar hoton biki a cikin gidaje, inda maza masu hoto ba sa shiga, abin da ya fi damuna shi ne idon mutane. Kyamara ɗaya gare ni, kuma duk wanda ya kalle ta sau biyu ɓarawo ne a wurina.

Wani mai kanti a kasuwar Bodinga ya nuna mini baƙar jaka ta masu hoto, yana ta yabonta. Na ce a raina, wannan ai shela ce ga ɓarayi. Na sayi tsohuwar jakar goyo a gwanjo, irin ta 'yan makaranta, na kai wa tela ya ɗinka mata aljihu biyu na soso a ciki, ɗaya na kyamara, ɗaya na gilashin kyamarar da nake burin saye. Ya tambaye ni na mene ne, na ce na magani. Ko a gida ban faɗa ba. Da ita nake zuwa cefane, da ita nake zuwa barka.

Ranar wani biki a Shagari, kafin in tafi na ajiye ta a tsakar gidanmu na shiga yin alwala. Gwaggona na zaune a wurin tana tsince shinkafa.

A mota na rungume jakar a cinya. Rana ta take, mun matsu kamar kifin gwangwani. Dattijon da ke gefena sai satar kallonta yake yi. Na ce to, ga shi nan, furfura ba ta hana hali. Can ya yi gyaran murya.

"Ɗiyata, jikkag ga taki..."

"Mi yas same ta, Baba? Littattahwai na ciki."

Na juya masa baya, na ƙara ƙanƙame ta.

Sai a ɗakin amarya na zuge zif. Ƙamshi ya fara dukana. A aljihun da babu komai, ga man shanu ɗaure a leda, ya narke, ya bi soso ya jiƙe kyamarar. Atamfata ma ta yi shatin maiƙo, abin da dattijon yake gani ke nan tun a hanya. Na danna, na goge, na sake dannawa, ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Amarya ta sha lalle tana jirana. Da waya na ɗauke ta, ina jin kamar in yi kuka.

Da na dawo, Gwaggo ta tare ni da fara'a. Ƙanwarta na aure a Shagari, kuma a gidanmu ba a tafiya can hannu rabbana.

"Kin dai kai mata man ko? Na manta in hwaɗa miki. Na iske wani wuri mai taushi ciki, awa don shi anka yi shi."