Jirgin Ruwan Kawu Ɗanlami a Kan Yashi

Ku da kuka yi aiki a kamfanin langa da samira na Bompai, ba sai na tuna muku Kawu Ɗanlami, ƙanin mahaifiyata ba. Idan ka hango mutum tun daga Dakata yana tafe ba takalmi, alhali ga takalmin a hammatarsa, to shi ne. Sai ya iso ƙofar kamfani zai kakkaɓe ƙafa ya saka. Na taɓa ce masa, "Kawu, ƙaya fa? Kwalba fa?"

Ya ce, "Sani, ƙafa idan ta fashe warkewa take yi. Ka taɓa ganin takalmin da ya warke?"

Maganarsa kuwa guda ce, ko a gidan suna ko a wurin ta'aziyya: "Ni fa ban gane ba." Ranar da aka ƙara masa girma ya zama mai kula da tanderu ma abin da ya faɗa ke nan, har sai da aka maimaita masa.

A farkon mulkin farar hula, manajanmu, wani mutumin gabas mai nisa da muke kira Mai Tabarau, ya dawo daga hutu da kalanda ya rataye mana a ɗakin cin abinci. Wai hotunan yawon da ya je ne: jirgin ruwa mai hawa uku, fari fat, a kan wani makeken kogi. Kawu ya tsaya gabanta har tuwonsa ya huce, sannan ya tare manaja.

"Ranka ya daɗe, wane kaya jirgin nan yake ɗauka?"

"Ba kaya. Mutane. Yawo."

"Yawo zuwa ina?"

"Su tafi, su dawo."

"Su dawo inda suka taso? Ni fa ban gane ba."

Ya ɗaga shafi. Sai ga wani gini mai rufin zinariya, a ciki wani ƙaton mutum-mutumi ya kishingiɗa. Manaja ya ce ɗakin ibadar mabiya Buda ne, jirgin yakan tsaya a shiga a gani. Kawu ya yi a'uziyya ƙasa-ƙasa don kada baƙo ya ji haushi. Can sai ya ƙura ido a gefen hoton, ya kwaɗa mini kira.

"Sani! Zo ka gani da idonka! Ga masu kuɗin duniya a layi, kowa takalminsa a hannu!"

Manaja ya yi ta bayanin cewa girmama wurin ake yi. Ina! Kawu ya riga ya samu hujja. Tun daga ranar babu mai iya tsokanarsa a kan takalmi.

Shafin da ya fi ɗaure masa kai shi ne na wani ƙauye a bakin kogi, mata na wanki, mutanen jirgi na leƙowa daga sama suna murmushi. Ya ce, "Wato mutum ya bar gidansa, ya hau bene a kan ruwa, don ya kalli wanki? Laure shekara da shekaru tana yi, ko maƙwabci bai taɓa leƙowa ba."

Laure ita ce matarsa, Gwaggo Laure. A lokacin ta daɗe a kwance, likita ma ya ce a koma da ita gida a ci gaba da addu'a. Da shekara ta ƙare, Kawu ya roƙi tsohuwar kalandar ya kai mata ta ɗebe kewa. Ita kuwa 'yar mai fito ce, daga wani ƙauye a gaɓar Kogin Challawa. Ta kalli jirgin ta ce, "Ni ko na babana ne, da zan sake shiga zuwa garinmu sau ɗaya."

Kawu ya ce, "An gama."

Jama'a, tsakiyar bazara ce fa! Kogin Challawa babu komai sai yashi da tifofi masu ɗiba. Na ce, "Kawu, ka bari damina ta faɗi mana." Ya kalle ni ya ce, "Damina ta yi maka alkawarin za ta iske ta?"

Ranar Lahadi muka tarar da shi bayan kamfanonin fata, inda warin jima ke korar ƙuda. Ya aro kwalekwale, ya ɗora shi a kan amalanken shanu, ya shimfiɗa katifa a ciki, ya kwantar da Gwaggo a kai, ya kafa mata laima. Ni da matata aka ba mu buta da kofuna, wai mu ne ma'aikatan jirgi. Mai shanun ya ja ni gefe ya ce, "Malam, don Allah gaya mini gaskiya, gawa ce ko amarya?" Na ce wallahi ni ma ban gane ba.

Haka muka gangara cikin kogi. Shanu na nishi, direbobin tifa na ta oda, yara na bin mu da ihu. Kawu yana gaba da gora yana soka ta cikin yashi, yana cewa, "A zauna da kyau, nan akwai zurfi!" Duk ƙauyen da muka zo sai ya tsayar da jirgi a gindin masallaci ya ce kowa ya cire takalmi, haka tsarin yake. Wani liman ya fito ya tambaye mu sallar me za mu yi da hantsi. Kawu ya ce, "Ba salla ba ce, Malam, yawo ne." Liman ya ce yawo zuwa ina. Kawu ya ce, "Mu tafi, mu dawo." Har muka yi nisa bawan Allahn nan yana tsaye riƙe da haɓa.

Gwaggo kuwa dariya take yi har tana tari, rabon da mu ji dariyarta tun kaka.

Da la'asar muka isa garinsu. Mata sun tona yashi sun samu ruwa, suna wanki. Ta ce a tsaya. Ta jingina da gefen kwalekwalen tana kallonsu, tana faɗin wannan 'yar wance ce, waccan kuma kamar jikar wane. Wata tsohuwa ta gane ta, ta yar da wankin ta rugo da gudu tana kiran sunanta na yarinta. Kawu yana tsaye da gorarsa, takalmi a hammata, bai kalli wankin ba, matarsa yake kallo. Can ya ce a hankali, "Sani, yau na gane."

Ban taɓa jin wannan magana a bakinsa ba, kafin nan ko bayan nan. Na juya baya don kada ya ga ƙwallata.

Gwaggo ta rasu kafin ruwan farko ya sauka. Shi ma ya bi ta bayan 'yan shekaru, ya bar mana takalmin nan kamar jiya aka saye shi.

Allah ya jiƙan Kawu Ɗanlami, ya jiƙan Gwaggo Laure. Allah ya haɗa su a bakin ƙoramun Aljanna, waɗanda ba sa jiran damina. Amin.