Ciwon kwikwiyon da ya hana ni zuwa ruga

Shekarun baya, lokacin da aiki ya jefa ni wani ɗan asibitin ƙauye a gefen Sakajiki, na yi zaman kaɗaicin da ban taɓa yin irinsa ba. Ni mutumin Zurmi ne, iyalina suna can wurin mahaifiyata, hanya kuma a lokacin ba ta biyuwa yadda mutum ya ga dama. Da rana kam ina da jama'a, kowa likita, likita, alhali allura da ɗaura ruwa da wankin miki su ne iyakar likitancina. Amma da zarar an yi la'asar na ja ƙofar asibiti, shi ke nan, daga ni sai rediyo.

Aboki ɗaya tak na yi a wurin, wani Bafillace da rugarsu take bayan gonakin gero. Ƙaho ya taɓa farke masa cinyar hagu na ɗinke, ya bar shi da ɗan ɗingishi, daga nan muka saba. Kusan kullum da yamma sai in taka in je, a shimfiɗa mani tabarma, a dama fura, mu zauna muna kallon shanu suna dawowa. Ba mai surutu ba ne. Ni ne nake zuba kamar kanya, shi kuma ya yi murmushi ya ce to. A shekarun ne mutanen gari suka fara janye ƙafa daga rugage, su ma mutanen ruga suka daina shigowa gari, ko da kuwa ba su yi wa kowa komai ba. Kowa tsoron kowa yake ji. Ni dai ban fasa zuwa ba, don in na fasa ban san inda zan kai bakina ba.

Wata rana karyarsu ta haihu. Da ƴaƴan suka yi ɗan wayo, ya ɗauko ɗaya, ja mai farin wuya, ya ajiye mani a gaban tabarma, ya ce ɗakina ya cika shiru. Na so in noƙe. Likita guda da kare, me mutane za su ce? Amma mutumin da bai taɓa roƙona komai ba ya yi mani kyauta, ina zan kai kunyar mayarwa? Haka na rungumo shi a cikin kwali. Na gyara masa wuri a bayan ɗaki, nesa da inda nake sallah. Da na gaya wa mahaifiyata a waya, sai ta tambaye ni ko awaki sun ƙare ne a ƙasar Kaura.

Wallahi ban san ina ƙishin motsin wani mai rai a kusa da ni ba sai da kwikwiyon nan ya zo. Ya cinye mani takalmin wanka, ya yage gidan sauro da na shanya, amma in na dawo daga aiki akwai mai murnar ganina.

Bai daɗe a hannuna ba sai wata safiya na tarar da tuwon da na zuba masa yana nan yadda na bar shi. Kafin azahar ya fara amai. Washegari kuma gudawa ta tsinke, da jini a ciki, da wani irin mugun ƙarni. Idanunsa suka faɗa, na ja fatar wuyansa ta tsaya ba ta koma ba. Wannan alamar na san ta a jikin yara, na san ruwan jiki ne ke ƙarewa. Masu mashin biyu na tare, kowanne ya leƙa kwalin ya ce shi fasinjan mutane yake ɗauka. A ƙarshe aron mashin na yi, na ɗaure kwalin a baya na nufi Kaura.

Likitan dabbobin da na samu ya fi sabawa da shanu da tumaki, amma yana ganinsa ya ce fabo ce. Ya ce cuta ce ta ƙananan karnukan da ba a yi wa rigakafi ba, wataƙila a bolar bayan asibiti ya kwaso ta wurin karnukan gari. Babu maganin da ke kashe ta, sai dai a yi ta ba shi ruwa har jikinsa ya ci ƙarfinta, ko ita ta ci nasa. Ya nuna mani yadda ake tura ruwa a ƙarƙashin fatar wuya, ya ba ni allurar tsayar da amai. Har na juya sai ya kira ni ya tambaya ko akwai sauran ƙananan karnuka inda nake zuwa. Na ce akwai ƴan uwansa a ruga.

"To kada ka kuskura ka taka can," in ji shi. "Cutar ga tana bin takalmi, tana bin riga, tana daɗewa a ƙasa. In ka kai masu ita, ko ɗaya ba zai saura ba."

Na san abin da karnukan nan suke nufi ga mutanen rugar. Su ne masu gadinsu, a lokacin da ba wanda zai kawo masu ɗauki in wani abu ya taso. Don haka na ɗauke ƙafa.

Jinyar nan ni kaɗai na yi ta. Rabin yaran ƙauyen ni na ɗaura masu ruwa, amma na rasa wanda zai riƙe mani kwikwiyo in soka masa allura. Sai in danne shi tsakanin gwiwoyina, ledar ruwa a rataye jikin ƙusa, ina lallashinsa kamar mai jin Hausa. Ruwan gishiri da sukari kuwa da sirinji nake ɗiga masa a gefen baki, rabi ya shiga rabi ya dawo a jikina. Kafin kowace sallah sai na yi wanka na canja kaya, har kayan suka ƙare a kan igiya, na koma yin sallata a ɗaki. Maƙwabta suka ɗauka ni ne ba lafiya, suka zo dubiya. Da suka ji ko wane ne majinyacin, wani har da riƙe ciki don dariya. Ban ga laifinsu ba, ni ma a da haka zan yi.

Abokina ba ya riƙe waya, ba ya kuma shigowa gari. Sai na tare wata mai tallan nono ƴar rugarsu, daga nesa, na ce ta gaya masa kwikwiyo ne ba lafiya, ciwon kuma yana bin takalmi, shi ya sa bai gan ni ba. Ta sauke ƙwaryarta ta dube ni da kyau.

"Ciwon kare ya hana ka zuwa, likita?"

Na ce ƙwarai. Ta ce to, za ta faɗa. A yadda ta ce to ɗin nan na ji maganata da kunnen wani, na ji yadda ta yi kama da ƙaryar da ba a iya shirya ta ba. A ƙasarmu wa ya taɓa yanke zumunci saboda kare na gudawa? Da ta sake zuwa na tambaye ta amsa, ta ce ya ce ba komai. Irinsu ba sa tambayar mutum dalili sau biyu. Daga baya ita ma na daina ganinta.

Na sha yin niyyar in je in tsaya can nesa in ƙwala masa kira. Sai in dubi ƙafata, in tuna ƙananan nan suna rugowa su tare ni tun daga bakin gona, in fasa. Na ce bari dai ya warke, magana ai ba ta ruɓewa.

Ya kuwa warke. Wani hantsi na same shi tsaye yana rawar ƙafa, ya sa baki a ruwan shinkafar da na ajiye ya lashe. Na zauna a ƙasa na yi ta kallonsa, ba wanda zan gaya wa. Na wanke bayan ɗakin da bilic, na ƙone kwalin da tsummokaran, na ƙara jira kamar yadda likitan ya ce. Sannan na sayi sabon takalmi, na sa kayan da ba su taɓa kusantarsa ba, na kama hanyar ruga ina ta shirya yadda zan ba shi labarin har ya yi dariya.

Na tarar da turaku da toka da busasshen kashin shanu. Bukkokin an kwashe su. Wani dattijo da ke gyaran gona kusa da wurin ya ce ai sun tashi tun kwanaki, sun yi arewa ta wajen Shinkafi, wataƙila su tsallaka iyaka. Ya ce abokina ya bar mani sallahu.

"Ya ce in ka zo a gaya maka bai riƙe ka ba. Kowa ma ya daina zuwa, kai ne ma ka daɗe."

Da bakina ya buɗe, abin da ya fito shi ne ko karnukansu lafiya suka tafi. Dattijon ya yi mani kallon wanda rana ta taɓa, ya ce lafiyarsu ƙalau, ƙananan ma suna ta tsalle a bayan shanu.

Karen ya yi shekaru tare da ni, har Zurmi na koma da shi, mahaifiyata da kanta ta riƙa ajiye masa ƙanzo. Ban yi nadamar ɗauke ƙafata ba, ko yau aka maimaita haka zan yi. Abin da yake ci mani rai shi ne an yafe mani laifin da ban yi ba, wanda ya yafe ɗin kuma ya tafi da shi a matsayin gaskiya. Na yi cigiya a kasuwar shanu ta Shinkafi, na yi a Kaura, ban samu wanda ya san inda suka sauka ba. Har yanzu in na ga Bafillace mai ɗingishi kaɗan a ƙafar hagu, sai na rage tafiya na dubi fuskarsa.