Baba Mai Shela, Wanda Ba Ya Faɗin Abin da Bai Gani Ba

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ni ko sallama na yi sai an ce in ƙara murya. Amma in na yi shiru a kan Baba Mai Shela, ban kyauta ba.

Tun ina ƙarama, kullum da safe yakan ɗaura lasifika a kekensa, ya kurkure maƙogwaro da ruwan ɗumi, ya zaga unguwa. Rigakafi, ɓatan yaro, rasuwa, duk daga bakinsa muke ji. Yana da wata al'ada da ake masa dariya a kanta: ba ya shelar abin da bai je ya gani ba. Ko akuya aka ce ta ɓata, sai ya je ya ga turken.

Bara yara suka fara ƙuraje da gudawa, har da ɗiyata. Kowa ya zargi rafin da masana'antar rini ke zubar da ruwanta a ciki. Sai ga wani a rediyo, wai masani, yana cewa an gwada ruwan, lafiyarsa lau, ƙazantar iyaye mata ce kawai. Na yarda. Na yi ta dirzar kwanonin yarinyar nan ina kuka, da ruwan rafin nan dai.

Dab da zaɓe, ɗan takarar masu masana'antar ya zo bakin rafi da masu ɗaukar hoto, ya kurɓi ruwa a kofi. Aka umarci Baba ya zaga ya sanar cewa ɗan takarar ya sha ruwan rafin. Mai shayin bakin gada yana wurin, shi ya ba mu labari.

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, kofin nan daga mota aka fito da shi a cike. Ga rafi nan, ɗebo mu sha tare, sai in yi shela."

Wani ɗan korensa ya ce, "Kai tsoho, lasifikar ta ubanka ce?"

"A'a ɗana, ta hukuma ce. Bakin ne nawa."

Nan take suka kwance lasifikar. Gari na wayewa sai ga shi da keke, da murya zalla: "Iyayen yara! Ni dai ban ga an gwada ruwan nan ba! Ku ɗebo na famfon makaranta!" Na koma famfo. A hankali ƙurajen ɗiyata suka fara bushewa.

Baba, kai ne bakin da ba a ara. Kai ne ka sauke mini laifin da ba nawa ba. Har yau ina mamakin yadda tsoho ɗaya a kan keke ya tsaya gaban rediyo da manyan motoci bai girgiza ba. Na gode, Allah ya saka. Mu kuma, kafin mu yaɗa magana, mu je mu ga turken.

Rediyon bai daina ba, kuma wasu matan sun fara komawa rafi. Makon jiya na tarar da Baba a bakin gada muryarsa ta dishe, bakinsa na motsi, ba mai ji.

Washegari da safe na goya ɗiyata, na tsaya gefen kekensa. Ya dube ni ya yi murmushi, ya kaɗa ƙararrawa. Na buɗe baki na ce, "Iyayen yara!"