Fitilar Baba a Cikin Keke

Ranar da muka tashi daga Ƙofar Marke zuwa Arkilla, na hana a saka fitilar marigayi Baba cikin motar kaya. Tsohuwar fitilar ƙwai ce ta tagulla, da ita yake karatu, kuma irin ƙwanta ya ɓace a kasuwa. Na naɗe ta da zane, na rungume ta a cinya cikin Keke.

Mai Keken sai sheƙa gudu yake. "Malam, ka bi a hankali mana!" na daka masa tsawa. Ban rufe baki ba muka faɗa rami, na ji ƙas!

Har muka isa ban iya buɗe zanen ba. Da na buɗe, ƙwan lafiya lau. Gilashin sabuwar wayata da ke ƙarƙashinta ne ya tsage. Wallahi hamdala na yi.