Tafiyar Maikano a Gandun Daji

Duk wanda ya yi zirga-zirga tsakanin Kontagora da Kasuwan Garba a shekarun baya, da wuya a ce bai taɓa shiga motar Maikano ba. Farar bas ce da ake ɗaure ƙofarta da igiyar roba. Direban kuwa gajere ne mai jiki, ba ya son surutu, ba ya kunna rediyo. Da yaron mota ya fara tun yana saurayi, ya koyi tuƙi a hannun ubangidansa, ya yi aure, ya aurar da 'ya'ya, duk da abin da yake samu a bayan sitiyari. Hanyar daji ce hagu da dama, amma in ka nuna masa wani itace ka tambaye shi sunansa, sai ya ce itace ne mana. Idonsa a kan ramuka yake.

Ya bar tuƙi a shekarar da 'yan bindiga suka matsa wa hanyar. Shi ba a taɓa tare shi ba. An dai tare wanda ya yi lodi kafin shi, ya iso ya tarar da motar a buɗe babu kowa, takalman fasinjoji warwatse a bakin hanya. Ya ɗan ƙara daurewa na wasu watanni, sannan wata rana ya dawo ya miƙa wa ɗan ƙaninsa makulli, ya ce ya gaji. Daga nan sai zaman benci a tasha, a sha shayi, a yi hirar wanda aka kama da wanda aka sako.

Zaman bai karɓe shi ba. Ƙishirwa ta dame shi, tafin ƙafarsa ya riƙa yi masa kamar ana soka allura. 'Yarsa Nafisa ce ta matsa har suka je asibiti. Likita ya ce suga ya hau, jini ma ya hau. Ya rubuta magani, ya lissafa abin da za a daina ci, sannan ya dube shi ya ce, "Baba, mota ta daɗe tana ɗaukarka. Yanzu kai za ka riƙa ɗaukar kanka. Kullum da safe ka yi tafiya har ka yi gumi."

Ya gwada a cikin gari, abin bai yiwu ba. Kowa ya san shi. Ba ya nisa sai ɗan acaba ya ja birki a gefensa: "Oga, lafiya? Hau in ƙarasa da kai." Ya ce tafiya yake yi, yaron ya dube shi da tausayi, kamar wanda ya ga karayar arziki. Ga hayaƙin tirela, ga gaisuwa a kowace kwana. Sai wata safiya ya bi ta bayan unguwarsu, ya wuce gidajen da ba a gama ginawa ba, ya ratsa lambun mangwaro, ya samu kansa a bakin tsohon gandun daji. Itatuwan malaina da tik ne a jere tun dashen gwamnati, bayansu kuma dajin Allah ya miƙe har zuwa wani rafi. Daga ƙofar gidansa zuwa wurin bai kai nisan tasha ba, amma bai taɓa taka shi ba.

Kwanakin farko wahala ce zalla. Gwiwa ta yi ta ƙara, numfashi ya yi ta yankewa, ya kama itace ya tsaya yana haki. Abin da ya sa ya ci gaba da zuwa shi ne babu mai yi masa magana. Busasshen ganyen tik ne kawai ke ƙara a ƙarƙashin takalminsa, sai kurciya, sai makwarwa da kan tashi firgigit daga cikin ciyawa ta ba shi tsoro. Kunnensa da ya saba da kukan inji sai da ya ɗauki lokaci kafin ya yarda da shirun.

A can ya haɗu da Fidelis, wani dogon tsoho mutumin Dukku, wanda ya yi aikin gadin gandun har ya yi ritaya. Da ya bar aiki bai koma gida ba, ya kafa 'yar bukka a gefen dajin, ya ɗora amya a kan itatuwa yana kiwon zuma. Hausarsa da karin Dukanci take fita.

"Kai ne mai wucewa kullum ba gatari ba igiya," in ji Fidelis ranar da suka fara gaisawa. "Me ka ɓatar?"

"Lafiya," in ji Maikano.

Fidelis ya yi dariya har da tari, ya ce to shi ma tasa ta ɓace a nan wajen, sai su nema tare.

Haka suka riƙa yi. Fidelis na gaba yana duba amyarsa, Maikano na biye. A bakinsa Maikano ya san maje da kawo da ƙirya, ya san inuwar maɗaci ta fi ta malaina sanyi. In sun isa rafi sai su zauna a kan wani faffaɗan dutse, Maikano ya cire takalmi ya tsoma ƙafa a ruwa. Ba su cika magana ba. Ranar Lahadi Fidelis yana coci, sai Maikano ya yi tafiyarsa shi kaɗai.

Matarsa Salihatu ba ta so abin ba tun farko.

"Malam, mutum ba ya shiga daji haka kawai," in ji ta. "Ko itace, ko gona, ko farauta. Kai fa? In an tambaye ni me zan ce?"

"Ki ce likita ne."

"Likita cewa ya yi ka yi tafiya. Bai ce ka shiga daji a wannan zamani ba."

Ya ɗauki gorar ruwansa ya fita. Da aka kwana biyu ita ma ta ga tumbin ya ragu, ta ga ya daina kuka da ƙafa, sai ta bar maganar, ta koma yi masa addu'a in zai fita.

Damina biyu suka wuce a haka. A tsakaninsu dajin ya riƙa ja da baya. Masu gawayi suka shigo da inji, ƙirya suka fi so, sai marke. Inda suka bi jiya cikin inuwa, yau sai su tarar da kututture da tudun ƙasa yana hayaƙi. Fidelis ya yi ta sauke amya yana matsar da su ciki, har ya daina ƙorafi. Ya ce da yana cikin kaki ma bai hana ba, balle yanzu.

Sai aka kai hari wani ƙauye da ba shi da nisa da gari, aka kwashe mutane. Magana ta cika ko'ina cewa akwai infoma a cikin gari, masu kai wa ɓarayin labari da burodi da magani. 'Yan banga suka baza a kowace hanyar da ta nufi daji.

A makon ne zazzaɓi ya kwantar da Fidelis. Maikano ya biya kemis ya sayi magani, ya haɗa da burodi da ganyen shayi, ya sa a leda ya kama hanya kamar kullum. Bai kai lambun mangwaro ba wasu samarin banga masu bindigar toka suka sha gabansa. Suka buɗe ledar, suka dubi juna.

Aka zaunar da shi a ƙasa a gaban ofishinsu. Kafin hantsi mutane sun taru. Shugabansu, Abdulfatahi, matashi ne mai jajayen idanu saboda rashin barci, kuma yayansa na cikin waɗanda aka kwashe. Shi ya yi tambayoyin.

"Baba, me kake zuwa yi a daji kullum?"

"Tafiya."

"Tafiya zuwa ina?"

"Ba ko'ina. In je rafi in dawo."

"Ka je rafi ka yi me?"

"In zauna."

Aka yi wata irin dariya marar daɗi. Wani ya ce ai direban Kasuwan Garba ne, duk hanyoyin ya sani, kuma shi kaɗai ne ba a taɓa tarewa ba. Wani daga baya ya kai masa mari, hularsa ta faɗi. Abdulfatahi ya daka wa mai marin tsawa, amma bai ce a ɗauko hular ba.

Maikano ya sha maganinsa tun asuba bai karya ba, don ya saba cin abinci ne in ya dawo. Da rana ta take sai suga ya faɗi. Gumi ya keto masa, hannunsa ya kama rawa. Mutane suka ce ga shi nan, rashin gaskiya ya fara bayyana. Ya buɗe baki ya nemi ko ɗan burodin da ke cikin ledar, muryar ta ƙi fita sosai.

Nafisa ce ta fara isowa, mayafi a hannu. Tana ganinsa ta gane, ta ture mutane ta sayo lemon kwalba ta ɗura masa. Bayanta mai unguwa Modibbo ya zo. Can aka ɗauko Fidelis a kan mashin, lulluɓe da bargo yana karkarwa. Ya ƙi zama. Ya ce burodin nasa ne, maganin nasa ne, kuma in tafiya a daji laifi ce to a fara da shi, don ya riga wannan mutumin da shekaru masu yawa. Aka yi ta magana, wasu suka yarda, wasu ba su gamsu ba. Sai bayan la'asar aka ce Maikano ya tafi.

Washegari Abdulfatahi ya zo gida, ya durƙusa a zaure ya ba da haƙuri. Maikano ya ce ba komai, Allah ya kuɓutar da yayansa. Yaron ya ce amin, sannan ya ce, "Amma Baba, an yanke magana. Ba wanda zai ƙara shiga gandun shi kaɗai. Ni na san ka yanzu. Wanda zai tsaya gadi gobe bai san ka ba."

Ba a ƙara tuhumarsa ba, amma abin bai goge ba. Ya je tasha sau ɗaya, hira ta mutu da ya zauna. Wani kamasho ya ce da wasa, "A gyara wa infoma wuri." Aka yi dariya, shi ma ya yi, bai sake komawa ba.

Fidelis bai warware da kyau ba. 'Ya'yansa suka zo suka ce ba za su bar shi a bakin daji ba. Ranar tafiya ya sa aka tsaya da motar a ƙofar gidan Maikano, ya miƙo masa zuma a gora ta taga.

"Ka manta an hana ni?" in ji Maikano.

"Ba wa madam. Kai ka riƙa shinshinawa."

Suka yi musabaha, motar ta tashi. Sun yi waya sau da yawa da farko, daga baya sabis ɗin Dukku da nauyin baki suka rage ta.

Maikano ya koma kwanciya a zaure. Ƙafa ta kumbura, allurar nan ta dawo. Salihatu ta zuba masa ido har damina ta kawo kai, sannan ba tare da ta gaya masa ba ta je wurin maƙwabciyarsu Lahadi, mai yin man kaɗe. Lokacin tsintar kaɗanya ne, mata kan fita a ƙungiya da sassafe, 'yan banga na yi musu rakiya.

"Na yi magana da Lahadi," in ji Salihatu da ta dawo. "Gobe ka bi su."

"Ni? Cikin mata?"

"Da kwanciyar nan fa? Tashi ka nemi takalminka, Malam."

Ya bi su. Dajin ne dai, amma tafiyar ba ita ba ce. Sauri ake yi, ana waige-waige, a tsaya gindin kaɗanya a cika roba a wuce. Ba a zuwa rafi, an ce ya yi nisa. Shi gwiwa ba ta barinsa ya sunkuya, sai ya riƙe musu bakin buhu suna zubawa. In sanda ta karye a cikin ciyawa kowa ya yi tsit, ɗan banga ya gyara riƙon bindiga. Wata rana suka wuce wani maɗaci da ya sani, ya ga tsohuwar amya a rataye, ta ruɓe, babu zuma a ciki. Ya so ya tsaya, Lahadi ta ce, "Baba, yi haƙuri, rana na yi."

Da kaɗanya ta ƙare, rakiyar ma ta ƙare. Nafisa ta roƙi hedimastan firamaren unguwarsu ya bar shi ya riƙa zagaya filin ƙwallo kafin ɗalibai su zo. Nan yake zuwa yanzu. Fili ne fetal, dogonyaro ɗaya ne a kusurwa, ga bayan azuzuwa da warinsa. Yakan zagaya a hankali, hannu a baya, ba ya duban komai. Wata rana ya yi har gumi ya fito. Wata rana kuma jiri ya ɗebe shi tun bai yi nisa ba, sai ya zauna a dakalin aji ya jira ya wuce, in ya ji hayaniyar yara ta doso ya miƙe ya nufi gida.