Katakon da ke tsakaninmu

Bayan sadakar arba'in ta babban ɗana, ɗiyata ta zo Argungu ta ɗauke ni, wai in je Birnin Kebbi in huta. Ban gaji ba, amma na bi ta. A kwanakin nan inda aka ajiye ni nan nake zama, abin da aka miƙo shi nake ci, ko da gishiri ko babu ban sani ba.

A gidanta na Gwadangaji ta fito da wani firem na katako mai tagogi manya da ƙanana, kowace taga hoto guda. Ta ce za ta cika shi da hotunan yayanta a rataye wa 'ya'yansa, don ƙaramarsu ba za ta riƙe fuskarsa ba. Na ce to.

Muka hau keke-napep zuwa shagon mai wanke hoto, wani dattijo mai gilashi. Ya kwashe hotunan daga wayarta zuwa kwamfuta, ya auna kowace taga. Ya ce hoton waya da girmansa, taga da nata, sai dai a yanke gefe ko a ƙanƙantar. Wanda ɗana ya ɗauka a kasuwar albasa ta Augie, aka yanke buhunan. Na fadamar shinkafa, aka yanke sama da gajimare. Na ranar Salla, aka yanke abokinsa, saura yatsunsa a kafaɗa. Ina zaune a benci ina kallo kamar mai jiran tela.

Sai aka zo kan wanda nake ciki. Shi kaɗai ne a duniya da ya haɗa ni da ɗana. Ranar sunan ƙaramar ɗiyarsa ɗiyata ta ɗauka ba mu sani ba. Ina kan tabarma a ƙofar ɗaki, shi yana tsaye can gindin rumbu, kai a sunkuye. A tsakaninmu turmi, da buta, da filin tsakar gida.

Ɗan fari ne. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama kusa da shi, ba ta kallonsa ido da ido. Ana yaye shi uwar mijina ta ɗauke shi. Ni kuwa duk unguwarmu an san ni da tatsuniya, 'ya'yan kowa sun hau cinyata sun yi barci. Shi bayan zana yake tsugunawa ya saurara. Na sani. Idan na ji motsinsa sai in ɗaga murya. Kuma babu mahaluƙin da ya taɓa jin sunansa a bakina, har ranar da aka fita da shi.

Hoton a kwance yake, tagogin da suka rage a tsaye suke. Mai hoto ya ƙanƙantar da shi don mu shiga taga guda, fuskokinmu suka koma kamar ƙwayar gero. Ya mayar. Ya ce in an yanke, ko ni ko shi. Sannan ya ce akwai wata dabara. A cikin hoton ya zagaye ni da layi, ya ɗaga ni har da tabarmata, ya ajiye ni a gefen ɗana. Kafaɗata na taɓa rigarsa.

Ɗiyata ta sa mayafi a baki. Ni na duba da kyau. Na jira in ji wani abu, ban ji ba. Wata tsohuwa ce mai irin zanena.

"Mayar da ni inda nake," na ce.

"Inna, don Allah. Yara ne za su gani."

"Shi ya sa. Kada su tashi su ce haka muka zauna."

Ya mayar da ni ƙofar ɗaki. Ɗiyata ta ce to a bar hoton gaba ɗaya, tana maida wayar jaka. Ban ce a bari ba, ban ce kada a bari ba, na dai ƙi tashi daga bencin.

Mai hoto ya ɗauki firem ɗin ya juya shi. Ya nuna tagogi biyu da ke jere a ƙasa. Ya ce in na yarda a raba hoton, shi a wannan, ni a waccan, kowa yadda yake, turmi da buta su tafi. Na tambayi faɗin katakon da ke tsakani. Ya ɗora yatsu biyu.

Na ce a yi.

Yanzu yana rataye a Argungu, a ɗakin matarsa. Ina shiga in gaida ta, wani lokaci in ɗora yatsuna a kan katakon. Yatsu biyu ne, kamar yadda ya ce. Ƙaramar ta fara magana, kwanan baya ta nuna tagar ubanta ta ce mene ne sunansa. Na ce ta tambayi uwarta.